Man Shekara Tara a Tankin Mildred

Ardith Veinot ta yi shekaru da dama tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta a gaɓar kudancin Nova Scotia, a ƙasar Kanada, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa leƙa cikin injin bas ɗin ba. In ta ƙi tashi, waya take buga wa gareji, ta zuba shayi, ta zauna jira. Kanikanci bai same ta a wurin aiki ba. A wurin hutu ya same ta.

Mahaifinta masunci ne na da, irin masu camfin nan da ba a yin fito da baki a jirginsu, ba a kifa murfin ramin ajiye kifi, ba a kuma ɗaukar mace. Yayyenta maza biyu ya riƙa kaiwa teku, su duka suka tsane ta. Ɗaya ya gudu Alberta, ɗayan ya buɗe shagon aski. Ita kuwa da take so, a kan kwatar katako, inda jirage ke tsayawa, ta girma tana karɓar igiya in sun dawo. Da ta isa aure sai ta zaɓi Lorne Veinot, kafinta, wanda a lokacin ba shi da komai sai akwatin kayan aiki da wani ɗan kwalekwale. Mutanen gari suka ce kwalekwalen ta aura. Ba ta musa ba, ta dai ce shi ma Lorne ba laifi.

Bayan 'yarsu Noreen ta gama makaranta ta koma birnin Halifax, suka sayi Mildred. Jirgi ne mai ɗan ɗaki a ciki, da gado biyu da murhu, da dogon jigo mai ɗauke da filafilai biyu, wato manyan ƙyallayen da ke kama iska. Ba su san ko wace ce Mildred ba. Da sunan suka saye ta, kuma a nan ba a sauya wa jirgi suna, duk da ba wanda zai yarda a gaban mutane cewa tsoro yake ji.

A ƙarƙashin matakalar da ke sauka ɗakin akwai ƙaramin injin dizal. Lorne ba ya ƙaunarsa. A ganinsa, wanda ya kunna inji alhali akwai iska bai iya tuƙi ba, wanda kuma ya kunna don babu iska ba shi da haƙuri. A rumfar da tsofaffi ke shan shayi a bakin kwata kowa yana da abin taƙamarsa, na Lorne kuwa ɗaya ne: shekara tara ke nan da ya cika tankin Mildred, kuma har yanzu akwai saura. Duk bazara sai ya ƙara ɗaya a kan adadin, ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa kamar mai jin nauyin yabon kansa.

Sai dai man dizal ba ya son zama. In ya daɗe a tanki raɓa tana taruwa a ƙasansa, wani baƙin abu mai yauƙi ya tsiro a ciki. Muddin ruwa yana kwance, shi ma yana kwance. Da zarar jirgi ya fara tsalle sai ya tashi ya bi tiyo, ya toshe filta, inji ya yi tari ya mutu. To, wuri ɗaya ne tak Lorne yake yarda a kunna inji: Maƙogwaro, matsatsin mashigin da ke tsakanin tsibiri da duwatsu, wanda duk mai fita ko shiga garin sai ya bi. Tudu yana tare iska a wurin, ruwa yana ja, kuma nan ne jirgi ya fi tsalle a duk yankin. Wato injin Mildred ba ya mutuwa sai a inda ake buƙatarsa.

In ya mutu, sai a sauya filta, sannan a fitar da iskar da ta shiga hanyar mai. Filtar da ɗan famfon hannun suna can bayan inji, ba a isa gare su sai ta wani ramin ajiye kaya da ke ƙarƙashin bencin waje. Ardith tana kiran ramin akurki. Lorne ƙato ne, kafaɗunsa ba su wuce bakin ramin. Saboda haka tun ranar farko aka raba aiki: shi zai jefa anka, ƙarfen da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa, ya tsaya a sama yana bayani, ita kuma ta shiga da kai, ƙafafu a waje, tocila a baki.

"Kin ga ɗan notin da ke sama?"

"Gwiwata nake gani."

"Sassauta shi kaɗan. Kaɗan fa. Sai ki riƙa danna famfon har kumfa ta daina fita."

"Na sani, Kyaftin. Ni na faɗa maka haka bara."

Ba ta kiransa Kyaftin sai ranta ya ɓaci. Duk da haka ba ta taɓa cewa a sayar da jirgin ba. In suka wuce Maƙogwaro, aka kashe inji, Mildred ta karkata ta fara yanka ruwa ba ƙara, Ardith takan zauna da warin mai a gashinta, ta riƙe sandar tuƙi, ba ta magana. Lorne ya san ba a taɓa ta a wannan lokacin.

A damunar da ta cika saba'in da ɗaya aka sauya mata ƙashin ƙugu da na ƙarfe. Likita ya nuna mata iyakar inda za ta iya naɗe ƙafar. Ta tambaye shi ko za ta iya shiga rami da kai ƙafafu a sama. Ya ɗauka wasa take, ya yi dariya, da ya ga ba ta yi ba sai ya ce a'a, har abada.

Fitarsu ta farko bayan nan, inji ya mutu a tsakiyar Maƙogwaro. Anka ta ƙi kamawa. Lorne ya cusa hannu ɗaya da rabin kai cikin akurki ya maƙale a nan, Ardith tana tura dutse da sanda. Orval Corkum ne ya cece su, tsohon masunci da suka yi aji ɗaya da Lorne kuma tun daga nan ba su daina tsokanar juna ba. Ya matso da jirginsa mai ƙaton inji, ya jefo igiya.

"Sannu, Kyaftin Iska! In ja ka, ko in bar ka ka jira ta baɗi?"

"Ja, ka rufe mini baki."

"Ardith, wancan gindin da ke sama naku ne, ko tsinta kuka yi?"

Wani a bakin kwata ya ɗauki hoto, kafin su ɗaure jirgi hoton ya isa Halifax.

Ranar Asabar Noreen ta iso. Aikinta wanke wa mutane haƙora, ta saba yin magana da wanda ba zai iya amsawa ba. Ardith ta ajiye mata wainar kifi da gasasshen wake da burodi mai maɗi, ta bar ta ta yi jawabinta har ƙarshe: shekarunsu, ƙugun ƙarfe, duwatsu, da wani likitan ido a asibitinsu da ke neman jirgi irin wannan. Lorne yana kallon farantinsa.

"Kin gama?" in ji Ardith. "Tashi ki sa tsohon wandon babanki. Akwai abin da za ki riƙe mini."

A kan bencin jirgi akwai kwali. Ardith ta shafe makonnin jinya tana kallon yadda ake aikin a kwamfuta, ta kuma yi odar kaya: filta biyu tagwaye, kowace da gilashi a ƙasa yadda za a ga abin da ta tara, da hannun juyawa a tsakaninsu, in ɗaya ta toshe a mayar da mai ta ɗayar ba tare da an kashe inji ba. Sai ɗan famfon lantarki, wanda zai tura mai ya zagaya ya koma tanki, ya kwashe iska da kansa. Duk za a kafa su a gaba, a bayan matakala, inda mai ƙugun ƙarfe za ta zauna a kan bokiti ta miƙa hannu. Abin da ya rage shi ne a cire tsohuwar filta daga akurki a janyo tiyo zuwa gaba. Noreen siririya ce.

"Mama, ni fa na zo ne in hana ku."

"Za ki iya hana mu daga ciki. Sa kai tukuna, sannan kafaɗa ɗaya."

Noreen ta shiga. Daga waje ba a ganin komai nata sai fararen takalma. Ardith tana miƙa sifana, Lorne yana gaba yana kafa katakon da filtocin za su zauna a kai, kuma ya yi shi da kyau, har da goge gefuna, don ko abin da ba ya so in dai katako ne ba ya iya yi masa aikin banza.

"Wannan tiyon ya ƙi fita!"

"Murɗa, kada ki ja. Kamar haƙori."

"Ba a murɗa haƙori, Mama. Wayyo, ya zubo mini a kunne! A nan kika yi ta shiga duk shekarun nan?"

"Nan ne."

Sannan murya ta fito daga ramin, a shaƙe amma a fili: "To ku ji. Zan gama wannan. Amma in Orval ya sake jan ku, ko sau ɗaya, Mildred ta tafi. Baba, ka ji?"

"Na ji."

"Mama?"

"Ɗaure kilif ɗin da ke matse tiyon sosai. Na ji."

Kafin yamma sun zuƙe tsohon man cikin jarkoki, ya fito ja kamar shayin da aka manta a kan murhu. Suka buɗe murfin tanki, suka kwashe baƙin yauƙin da tsumma. Ardith ta zuba sabon mai kaɗan da ta sayo da kanta, ta zauna a kan bokiti, ta danna makunni. Famfo ya fara ƙas-ƙas-ƙas da sauri, gilasan suka cika, ƙarar ta yi nauyi ta ragu. Inji ya tashi a bugun farko. Ta nuna wa Lorne jarkokin ta ce ya kai su wurin da ake karɓar tsohon mai a bayan gari. Ya ce to.

Suna wucewa ta rumfa, Orval ya ɗaga kofinsa. "An ce an yi jana'izar shekara tara. Allah ya ba da haƙuri, Kyaftin. Yanzu kai ma ɗan inji ne kamar mu."

Lorne ya wuce abinsa. Ardith ta lura da haka, don bai saba barin Orval da kalmar ƙarshe ba, amma ta ɗauka gajiya ce.

Sati na zagayowa suka fita. Fitar ta yi kyau, ruwa a kwance, suka wuni a bayan tsibiri suna cin biskit da cuku. A dawowa ne iska ta juya, ruwa yana janyewa, Maƙogwaro ya tashi tsaye. Lorne ya sauke filafilai, Ardith ta kunna inji ta sauka ƙasa ta zauna a kan bokitinta, ba don tana tsoron wani abu ba, sai don tana son ganin kayanta suna aiki. Mildred ta yi tsalle ɗaya, ta yi na biyu. Sai Ardith ta ga gilashin filtar dama, wanda ɗazu yake garau, yana yin duhu daga ƙasa kamar an ɗiga tawada. Inji ya yi tari.

Ta juya hannun zuwa hagu. Inji ya yi jim, ya ci gaba. Ta kwance murfin ta dama, ta zaro cikinta baƙi ƙirin yana yauƙi, ta jefa a roba, ta sa sabo, ta cika shi da mai daga kwalba, jirgi yana wurgi da ita tana tokare da ƙafar da ba a yi wa aiki ba. Kafin ta gama ɗaurewa, ta hagu ma ta fara duhu.

"Kyaftin!"

Ta sake ɗaga murya.

"Kyaftin, jarkokin nan. Ina ka kai su?"

"Ina tuƙi, Ardith. Ga dutse."

"Na san dutsen, tun ina yarinya yake nan. Ina ka kai su?"

"Na tace man fa kafin in mayar da shi tanki. Da safa. Sabuwa." Raƙumin ruwa ya daki gaban jirgi. "Kuma filta har biyu kika sa. In ba za su tace ba, mene ne aikinsu?"

Inji ya sake tari. Ta juya hannun zuwa dama, ta kama kwance ta hagu. Bakinta yana riƙe da zoben roba na murfin filtar. Ta taga tana hango jirgin Orval can a bakin mashigi, ya rage gudu yana jira, kamar wanda ya zo wucewa ne kawai. Haka suka ratsa Maƙogwaro, tana juyawa tana sauyawa, inji yana tari yana farfaɗowa, har ruwa ya kwanta, gidajen gari suka bayyana.

Ta hau sama tana goge hannu. Lorne ya miƙa hannu zai ja wayar kashe inji, don iska ta dawo, mai kyau kuwa.

"Bar shi," in ji ta. "Matsa."

Ta karɓi sandar tuƙi. Ba ta nufi maɗaurinsu, inda suke ɗaure Mildred, ba. Ta bi gefen kwata, ta zagaya ta bayan jiragen da ke ɗaure, ta wuce cocin da ke kan tudu, ta dawo gefen kwata.

"Ina za mu?"

"Ba ka ce man yana da kyau ba? To za mu sha shi. Duka."

"Ardith, ƙaramin inji ne. Wannan man zai kai mu gobe."

"Ba inda za ni gobe."

Zuƙe shi cikin jarka ya fi sauƙi, kuma ta sani. Amma an taɓa zuƙe shi, ya dawo. Abin da aka ƙona ba ya dawowa.

Suka yi ta zagaye har rana ta yi ƙasa, washegari bayan karin kumallo suka dawo suka ɗora. Ranar ce kuwa aka yi iskar da ta fi kowace kyau a bazarar, sanyi-sanyi daga kudu maso yamma, kowane jirgi mai filafili ya fita ya buɗe. Mildred kaɗai ce take yawo a cikin ruwan gari, filafilai a naɗe, tana fat-fat-fat tana hayaƙi. Ardith tana zaune a miƙe, idonta a gaba, tana ɗan rage gudu a wajen kowane maɗauri kamar wani ɗan makaranta zai hau bas. Tsofaffin rumfa suka fito da kujerunsu bakin kwata. Duk zagaye sai su ɗaga hannu, ita ma ta ɗaga.

"Ko ƙaramin filafilin gaba ne, bari in ɗaga," in ji Lorne. "Don mutunci."

"A'a."

Can ya roƙi a ba shi aikin sauya filta, don a ƙasa ake yin sa, inda ba a hango mutum daga kwata. Ta yarda. Bokitin ya ɗauke shi da ƙyar. Tana jin sa yana juya hannun, yana kwancewa, yana ɗaurewa. Da ya leƙo da roba cike da baƙaƙen filtoci sai ya tsaya yana kallonsu.

"Wannan duk daga ciki ya fito?"

"Bayan safa ma."

Ya koma ƙasa ya zauna a kan bokitin.

Da la'asar inji ya yi wani irin tari daban, busasshe, ya ja dogon numfashi ya mutu. Tanki ya ƙare. Suna tsakiyar ruwa, iska tana tura su a hankali wajen taɓon da ke ƙasan coci. Kafin shirun ya gama sauka, injin Orval ya tashi a bakin kwata. Ya taho yana murmushi, igiya a hannu, waya a aljihun gaba.

"Kyaftin! Ga ni, ba sai ka kira ba."

"Kada ka jefo," in ji Ardith. "In igiyar nan ta taɓa jirgina, da ita zan ɗaure ka. Lorne, yanzu ɗaga."

Ba a taɓa ganin mutum mai shekarunsa da girmansa ya isa gindin jigo da sauri haka ba. Babban filafili ya hau, ya kama iska, Lorne ya dawo ya karɓi sanda ya juya kan Mildred daga taɓon da yatsa biyu, ya tsayar da ita cak tana fuskantar iska, ba ta gaba ba ta baya. Wannan kam ya iya.

Ardith ta ɗauko sabuwar jarka daga ƙarƙashin gado, ta juye a tanki. Ta sauka, ta zauna a kan bokiti, ta sa sababbin filtoci a duka biyun. Tanki da ya bushe yana cika hanyar mai da iska tun daga farko har ƙarshe. A da, wannan aikin akurki ne na rabin wuni. Ta danna makunni. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas. Kumfa ta yi ta wucewa ta gilashi. Ta jira. Ƙarar ta yi nauyi, ta ragu. Ta murɗa makulli, inji ya juya ya ƙi. Ta ƙara jira, tana jin injin Orval yana gurnani a gefe. Ta sake murɗawa. Ya yi tari biyu, ya girgiza, ya kama, ya zauna daram.

"To ni da igiyata fa?" in ji Orval.

"Kai wa matarka Doreen ta yi shanya."

Bayan cin abincin yamma Noreen ta bugo waya. Hotuna sun isa gare ta da yawa, ba ta gane ko ɗaya ba.

"Mama, me ya sa kuke ta zagaye? An ce tun jiya."

"Gwaji ne."

"Orval ya ja ku?"

"Tambaye shi."

"Na tambaye shi. Ya ce a'a, kuma da jin muryarsa ransa bai so ba." Ta yi ajiyar zuciya. "Shi ke nan. Zan gaya wa likitan ido ya nemi wani."

"Yauwa. Ranar Asabar kina da aiki?"

"Me ya faru?"

"Ba komai. Kilif ɗaya ne a can baya yake ɗan tsatsafo, na ji warinsa. Na ce ki ɗaure sosai. Wandon babanki yana nan, na wanke."